Hannun Hagun Agogo

Yayana makaɗi ne. Mahaifinmu bai taɓa iya furta wannan kalma ba har ya bar duniya. Idan aka tambaye shi sana'ar babban ɗansa sai ya ce, "Yana aiki a otal," ya ja bakinsa ya tsuke. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Shekara talatin da biyar Yaya ya yi a bayan gangunan zamani a zauren wani otal, irin gangunan nan da ake hawa kujera a buga da hannu biyu da ƙafa biyu. Mawaƙa suka yi ta zuwa suna wucewa, shi yana nan daram a kusurwarsa kusa da ƙofar kicin. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Agogo, wai ba ya yin gaba, ba ya yin baya. Sunan ya biyo shi har gida, mai wanki ma da shi yake rubuta kayansa.

A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ya ajiye, ko na minti ɗaya. Akwai dai wani hoto a bangon falo, na wata mawaƙiya da baki a buɗe, can gefe ana hango gwiwar Yaya da rabin ganga. Idan baƙo ya zo, gwiwar yake nuna masa. Da otal ɗin ya sallame su ya kafa manyan lasifikoki a madadinsu, sai ya kwaso gangunan ya jera a ɗakin tarkace, ya lulluɓe su da tsohon zanen gado.

Ni ce ƙanwarsa. Shekara ashirin da biyu na yi ina tsaron kantin magani, kuma tun da matarsa ta rasu na dawo gidan na riƙe masa 'yarsa Auta. Yanzu ta girma, ita da wasu tagwaye 'yan ajinsu sun kafa ƙungiya. Ita ke waƙa, su suna rawa da amshi, irin waƙoƙin rawa na zamani da ake kunnawa a mota har gilashi ya riƙa girgiza. Za su fitar da albam ɗinsu na farko, waƙa tara. Wata yamma ta zauna a hannun kujerarsa ta ce, "Baba, kai za ka buga mana ganguna."

"Zan duba lokacina," in ji shi.

Mutumin da babban aikinsa a yini shi ne juya eriyar talabijin! Kafin magariba na ji an yaye zanen gadon, man kekena na ɗinki kuma ya ɓace daga inda nake ajiye shi.

Bayan kwana biyu muna karin safe na ji kofinsa yana ƙara a kan faranti, kar-kar-kar. Hannunsa na hagu ne riƙe da farantin. Ya ga na gani, ya ajiye, ya tura hannun a aljihu.

"Yaya, tun yaushe?"

"Sanyi ne."

"Sanyi, ga fanka tana juyawa a kanmu muna zufa?"

"Wata huɗu," in ji shi, yana kallon ƙofa. "Idan kika gaya wa yarinyar nan, ni da ke."

Na ce sai asibiti. Ya ce sai bayan albam. Na ɗaga murya, don ni dai ban iya faɗa a hankali ba, sai ya bari na gama sannan ya ce, "So nake a ɗauka tukuna. Idan likita ya ce in ajiye sanda fa? Ranar da na mutu me za a kunna a ce wannan shi ne Agogo? Gwiwa?" Na yi masa alkawarin yin shiru, abin da har yau ban san ko daidai na yi ba.

Situdiyon yana saman wani shagon taya. Ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani, an manna soso a bango ko'ina. Mai wurin ana ce masa Injiniya, wani mai hula sauke har gira, wanda ko gaisuwa yake yi idonsa yana kan kwamfuta. Na bi Yaya da sunan riƙe masa filas ɗin shayi, amma hannun na je gadi.

Ya ɗaure gangunansa, ya gyara kujera, ya waiwaya hagu da dama. "Ina sauran? Mai jita, mai fiyano?"

"Suna ciki, Baba," in ji Injiniya, ya nuna kwamfuta.

"Ita mai waƙar fa?"

"Ai Auta ta gama nata tun wancan makon."

"Ta yi waƙa ba kiɗa?"

"Da kiɗan wucin gadi ta yi."

"To ina wancan makaɗin? Kada in ci masa abinci."

"Babu shi, Baba. Ni ne, da yatsa ɗaya."

Yaya ya dube ni ta gilashi kamar ni ce zan fassara masa. Na ɗaga kafaɗa. Aka saƙala masa abin ji a kunne, aka ce zai ji wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, ita zai bi. Ya ce to. Ya fara, ba a yi rabin minti ba aka tsayar da shi.

"Baba, ka yi gaba."

Aka sake.

"Baba, ka yi baya."

Agogo guda! Tun daga hantsi har la'asar abin da nake ji ke nan, ka yi gaba, ka yi baya. Daga ƙarshe ya cire abin kunnen ya fito, fuskarsa duk zufa, ya tsaya a kan Injiniya.

"Yaro, ni ƙafafu nake bi. Idan tsoho ya shigo fili in sassauta masa ba tare da ya sani ba. Idan matasa suka cika in ja su. Shi wannan ƙas-ƙas ɗin naka, ƙafar wa yake kallo?"

"Ba ya kallon kowa, Baba. Shi ya sa ba ya kuskure."

"To don wa yake kiɗan?"

Injiniya ya koma kan kwamfutarsa. Ni kaina sai ranar na san cewa shekara talatin da biyar ana kiran mutum Agogo, ashe shi bai taɓa bin lokaci ba, mutane yake bi.

Washegari Auta ta kawo shawara: a zo da tagwaye su yi rawa ya kalli ƙafafunsu. Ba za su shiga ɗakin gangunan ba, don takunsu zai shiga makirufo. Suka tsaya a namu ɗakin, sai aka tarar gilashin daga ƙirji zuwa sama yake nunawa. Aka jawo teburin cin abinci, aka kwashe kwanuka, tagwaye suka hau. Yanzu kuma kawunansu sun ɓace, sai ƙafafu huɗu a cikin gilashi, kuma Yaya ya ce hakan ya fi masa.

Wallahi abin da na ji ranar ba zan manta ba. Ya kafa musu ido, ya saki jiki, kiɗan ya fito irin wanda nake ji ina yarinya idan na laɓe a ƙofar kicin ɗin otal. Hannun hagun ko karkarwa bai yi ba. Suna binsa, yana binsu, tebur yana kuka, Auta tana tsalle a bayana. Mai taya ya hawo da gudu, wai ya ɗauka silin zai faɗo masa a ka, shi ma ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa kai. Minti shida ko bakwai aka yi haka, na share hawaye da gefen mayafina. Injiniya kaɗai ne ya kifa kansa a kan tebur ɗinsa, na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

A rana ta uku ya ce a bar rawa, a bar ƙas-ƙas. "Baba, kowace ganga za ka buga ita kaɗai. Bugu ɗaya, ka jira. Sau goma a hankali, sau goma da ƙarfi."

"Bugu ɗaya?"

"Ɗaya tak."

"Wannan ai ko mai taya zai iya."

Amma ya zauna ya yi. Tam, shiru. Tam, shiru. Kamar mai gwada kankana a kasuwa. Ya yi babbar, ya yi na tsakiya, ya yi fayafayan ƙarfe. Kafin a zo kan ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyinsa ya gaji, kuma ina ganin abin yana tahowa daga yatsu. Ya ɗaga sandar hagu ya sauke, maimakon bugu ɗaya sai ta yi tsalle-tsalle a kan fatar, trrrap. Ya yi maza ya cusa hannun a hammata. Injiniya ya ɗago kai a karo na farko tun safe, ya dubi gilashi, ya mayar da kansa. Bayan ɗan lokaci ya ce an gama.

Yaya ya cika alkawari, muka je asibiti. Likita ya rubuta ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya ce cutar ba ta warkewa amma ana lallaɓa ta, kuma kada a kuskura a yi wasa da maganin. Cikin mako uku kofi ya daina ƙara. Muka ce wa Auta maganin hawan jini ne.

Ranar da albam ya fito muka taru a falo. Auta ta haɗa wayarta da lasifika, ta nuna masa inda aka rubuta "Ganguna: Agogo". Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Sannan ya zauna, tafin hannu a kan gwiwa, ya saurari waƙa tara. Da aka gama ya cire tabarau.

"Wannan makaɗin ba ya gajiya, ba ya numfashi. Wane ne?"

"Kai ne mana, Baba!"

"Ni ban taɓa buga wannan ba."

"Gangunanka ne, hannunka ne. Injiniya ne ya jera su."

"Wadda muka yi ranar tebur fa, ta nawa ce?"

Auta ta dubi tagwaye, tagwaye suka dubi juna. Ta ce wataƙila an gauraya ta a ciki. Ya ce a sake kunnawa daga farko. Aka sake, ya matso da kunnensa jikin lasifika yana neman kansa waƙa bayan waƙa, har abinci ya huce.

Ana haka waƙa ta huɗu ta kama gari. A motar haya ita, a shagon aski ita, yara suna dukan ƙofar gida da cokali suna kwaikwayon wani wuri a cikinta. Mutane suka fara tare Yaya a hanya: "Baba Agogo, wannan abu da ka yi, sai kai!" Ya yi godiya, ya wuce, ya matso kusa da ni ya ce, "Wane abu?" Na ce ni ma ban sani ba. A gaskiya na fara zargi, amma ban so in sani ba.

Shi ya matsa muka koma situdiyo. Ya ce wa Injiniya, "Nuna mini inda nake." Injiniya ya yi murna ƙwarai, ya jawo masa kujera, ya buɗe waƙar a kwamfuta, ya yi ta faɗaɗa hoton har ya kai kan wani ɗan koren layi da bai kai farcen yatsa ba. Ya danna.

Trrrap.

"Ga ka nan, Baba. Wannan shi ne ƙashin bayan albam ɗin gaba ɗaya. Sau ɗari uku da wani abu na sa shi. Sauran bugun kowa zai iya, amma wannan na yi kwana biyu ina ƙoƙarin haɗa irinsa da kwamfuta, ya ƙi. Bugu biyar ne a ciki, babu biyu da suka yi daidai da juna. Don Allah yaya kake yi?"

Na dubi ƙasa. Yaya ya daɗe yana kallon koren layin.

"Na ranar tebur fa?"

"Ai ban ɗauka ba, Baba. Tun minti na farko kuka sauka daga layi, sai na tsayar. Ba zai hau kan muryar Auta ba."

Bai faɗa da mugunta ba, kamar mai ba da labarin an ɗauke wuta ya faɗa. Na so in kwaɗa masa filas a ka, amma ban san laifin da zan ce ya yi ba, shi aikinsa ya yi yadda ya iya. Muka sauko. Yaya ya tsaya a tsakanin tayoyi, ya ce, "Ke kin gane?"

"Na gane."

"To ni ban gane ba. Murna zan yi ko me?"

Muka tari mota.

Ba a yi mako ba Auta ta shigo da sabon labari, tana haki don ɗoki. Za su yi wasa a babban zaure ranar Asabar da la'asar, za a ɗauka a bidiyo. A tsakiyar waƙa ta huɗu za a kashe komai, a haska fitila a kan Baba shi kaɗai, ya yi trrrap ɗin nan a gaban jama'a. "Kowa zai ga fuskarka, Baba. Ba gwiwa ba." Ta sumbaci kansa ta fita.

Ya shiga ɗakin tarkace ya rufe ƙofa. Kwana biyu ina jin sa daga kicin. Hannun yanzu lafiya lau yake, abin da aka ce masa shi yake yi, saboda haka bugun ya riƙa fitowa tsaf, a jere, ta-ra-ra-rap. Tagwaye suka zo suka saurara, suka sosa kai.

"Ya yi kyau, Baba, amma ba shi ba ne. Wancan kamar zai faɗi ne bai faɗi ba."

"Haka ne," in ji shi. "Ku je, zan nemo shi."

Ranar Alhamis da safe na ji kofi yana ƙara a kan faranti. Na tashi na shiga ɗakinsa, na ɗauko katin maganin daga kan taga. Wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana ɓallar ƙwaya ba sai ya ƙirga da yatsa ba. Guda shida suna nan da bai kamata a ce suna nan ba, na kwana uku cur. Na dawo na ajiye katin a gabansa.

"Ka haukace ne, Yaya?"

"Zuwa Asabar kawai."

"Likita me ya ce maka? Ko kunnenka ma ya fara rawa?"

"Ke, abin da suke so ba ya zuwa idan na sha. Ni ban san yadda ake yinsa ba, shi yake yin kansa. Me kike so in hau in buga musu?"

Hannun yana kan tebur yana ta aikinsa, har cokali ya fara tafiya. A nan alkawarina ya ƙare. Na ɗaga murya na kira Auta. Ya ce, "Kada ki soma," na sake kira da ƙarfi.

Ta fito da buroshin haƙori a hannu. Ya kai hannun aljihu, na riƙe masa gwiwar hannu na hana. Ta dubi hannun, ta dubi katin maganin, ta dube ni. Na faɗa mata komai a tsaye, tun daga kofin farko har zuwa koren layin. Ta ajiye buroshin, ta zauna a ƙasa a gabansa, ta ɗauki hannun ta riƙe da hannayenta biyu, yana karkarwa a cikin nata. A daidai lokacin wata mota ta tsaya a bakin titi da waƙa ta huɗu a kunne, muna ji ta taga, trrrap, trrrap, har direban ya ja ya tafi.

"Wannan muke wa rawa?" in ji ta. "Wata biyu ina tsalle a kan wannan? Baba, zan sa a cire shi. Yau ɗin nan zan je in sa a cire shi daga duka tara."

"Kada ki taɓa shi."

"Baba..."

"Na ce kada ki taɓa. Ba shi na so a ɗauka ba, amma shi aka ɗauka. Idan kika cire, babu ni ke nan."

Ta kifa goshinta a kan hannun ta fashe da kuka. Na ɓallo ƙwaya ɗaya, na zuba ruwa, na tura masa. Ya dubi ƙwayar. Sannan ya ɗauka da hannun dama, don hagun yana wurin 'yarsa, ya haɗiye, ya ajiye kofin.

"To," ya ce, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaske yake tambaya. "Ranar Asabar idan aka haska fitilar, me zan buga?"